Sallau da Turbon Alhaji Barmo

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Sallau. Sunan garin ba zan faɗa ba, don na san halinku, ina faɗa wani zai ɗaga hannu ya ce ai kawunsa ne. Na baya ku bar hira, ku matso, ku saurara.

Sallau bawan Allah ne, tsohon direban babbar mota. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan hanya, har bayansa ya gaza, ya ajiye tuƙi ya dawo gida. Ba shi da gareji, ba shi da allo mai suna. Abin da ya mallaka shi ne filin ƙofar gida, da inuwar darbejiya, da akwatin sifanu. Amma duk unguwar, in mota ta yi tari wurinsa ake turo ta. Mutane na cewa hannun Sallau ba ya kuskure. Su suka faɗa fa, ba shi ba. Sai dai shi ma in ya ji yakan yi murmushi, bai taɓa cewa a daina ba.

Wanda ya fi kowa faɗar haka shi ne maƙwabcinsa, Alhaji Barmo, ɗan kasuwar albasa. Yana da wata doguwar tsohuwar mota mai shan gas, wadda ta girmi babban ɗansa. Motar nan ta kama ciwo. Baƙin hayaƙi take zubawa kamar ana ƙona taya. In ta zo hawan gada sai ta kama kuka kamar usur, mai keke ya wuce Alhaji yana yi masa sannu.

Ranar Litinin aka turo ta ƙarƙashin darbejiya. Sallau ya buɗe gaba, ya kasa kunne, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya fito yana kaɗe riga.

Ya ce, "Alhaji, ciwo biyu ne. Salansa, bututun hayaƙin nan, ta huje wuri uku, wannan mai sauƙi ne. Sai turbo. Ya mutu."

Alhaji Barmo ya ce, "Inna lillahi. Wane ne kuma Turbo?"

Kada ku yi masa dariya, na ga fuskokinku, rabinku ba ku sani ba. Turbo wani ƙarfe ne a jikin injin, nannaɗe kamar dodon koɗi, da 'yar fanka a ciki. Hayaƙin mota ne ke juya fankar, ita kuma ta hura wa injin iska, yadda maƙeri ke zuga wuta. Ni ma ba makanike ba ne, haka aka faɗa mini.

Suka tafi layin 'yan sifiya, masu sayar da kayan mota. Shago takwas suka shiga babu, sai a na ƙarshe, wurin wani Lurwanu, baƙo a garin, watansa huɗu da buɗe shago, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya ɗauko musu turbo na hannu, wanda aka ciro daga motar waje. Sallau ya sa yatsa ya juya fankar, ya kai kunne, ya girgiza, ya shinshina.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Lurwanu ya ce, "Baba, a ƙara dubawa dai. Ka san dokar layin nan."

Dokar kuwa ita ce, duk wanda ya sayar da mataccen kaya da sunan mai rai, a rufe shagonsa ya bar layin. Ba roƙo, ba aiko dattijo.

Alhaji Barmo ya ce, "Kai, wanda ya duba ɗin nan ka san shi kuwa? Ɗauko mu tafi."

To, aikin gida ba aikin gareji ba ne. Babu rami, babu kwangirin ɗaga inji, sai jak da bulo biyu. Notukan salansa sun yi tsatsa sun manne, sai da Sallau ya yini yana jiƙa su da kalanzir, duk da haka ɗaya ya karye a ciki, ya sha wuya kafin ya fito da guntun. Ya saɓa salansar a kafaɗa ya kai wa mai walda, ya dawo da ita a liƙe. Notukan da ya kwance kuwa a farantin matarsa Tasallah ya zuba su, ita kuma tana ta mita wai a me za ta tsince shinkafa.

Akwai wata ɗabi'a ta masu gyara a gida. In ka cire turbo, bututai na nan bakinsu a buɗe, ga ƙasa, ga kaji, ga ƙadangaru, dole ka toshe su da tsumma. Tasallah ta ba shi tsohon zaninta, jar atamfa mai zanen agwagi. Ya yanka ƙyalle uku, ya toshe baki uku.

Ranar Alhamis yana cikin ɗaurawa, ya riga ya zaunar da sabon turbo, sai ga ragon maƙwabta ya tsinke igiya ya shigo a guje, ya bangaji farantin. Notuka suka watse cikin yashi. Sallau ya durƙusa yana tsince, yana ƙirgawa, biyu suka ɓace, aka kawo rariya aka tankaɗe ƙasa kafin a gan su. Da ya miƙe, kansa na juyawa, la'asar ta kawo kai, ya jona bututai ya ɗaure komai.

Bayan salla unguwa ta taru. Alhaji Barmo ya shiga ya murɗa makulli. Mota ta tashi lumui, ba hayaƙi, ba kuka.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Kun ji ko? Kamar yau aka sauke ta daga jirgi."

Ya taka totur.

Jama'a, kun taɓa jin an jefa cokali a injin markaɗe? Haka ta yi. Ƙara ɗaya mai tsawo, ta yi tari biyu, ta mutu.

Sannan kowa ya zama malami. Wani ya ce gas ɗin ne aka gauraya da ruwa. Wani ya ce batir. Mai shayi ya ce shi tun safe ya ga motar ba ta yi masa ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce darbejiyar nan dama ba ita kaɗai ba ce a wurin, ta sha faɗa ba a ji. Sallau na tsaye da sifana a hannu, ya dubi injin, ya dubi hannunsa, ya sake duban injin. Da ƙarfe ya huce ya kwance turbon. Fankar nan ta lanƙwashe, fikafikanta kamar an tauna.

"Ban gane ba," ya ce. "Da yatsana na juya ta. Wallahi ban gane ba."

Alhaji Barmo ya fizge turbon. "Ni na gane. Baƙon nan ne ya cuce mu."

"Alhaji, dakata in bi aikin tukuna."

"Ka bi me? Aikinka ne za a bi?"

Alhaji ya haye bayan babur da turbo a cinya. Kafin magariba labari ya dawo: shugaban layin, Ciyaman Gwadabe, ya karɓi turbon ya kulle a ofishinsa, ya sa kwaɗo a shagon Lurwanu, ya ce Asabar da hantsi za a yanke magana.

Juma'a da aka sauko daga masallaci, Sallau ya koma ƙarƙashin mota. Ba don yana zargin kansa ba, a'a, abin ne ya ƙi zama masa a kai. Ya duba mai, lafiya. Ya duba matatar iska, lafiya. Ya ƙirga notuka, sun cika. Ya zauna a kan bulo ya yi tagumi, ya tashi ya sake dubawa daga farko. A zagaye na uku ya kwance bututun da ke kai iska cikin injin, ya zura waya, ya ji ta maƙale a wani abu mai laushi. Ya jawo.

Tsumma ne, a yayyage, ya sha baƙin mai. Ya goga shi a tafin hannu. Ja ne. Ga kan agwagwa nan.

Ya buɗe akwatin sifanu, inda ya jefa ƙyallayen da ya cire. Ɗaya. Biyu. Ya zazzage akwatin a ƙasa. Biyu dai.

Ku saurara, nan ne wurin. Ƙyalle na uku ya shige can cikin bututu, rago ya ɗauke masa hankali, ya jona bututun a kansa. Da Alhaji ya taka totur, fanka ta zuƙe tsumman. Turbon Lurwanu lafiyayye ne. Sallau ne ya kashe shi.

Ya shiga gida ya tarar da Tasallah na hura wuta. Ya buɗe mata hannu, ga tsumman.

Ta duba ta ce, "Wannan ai zanina ne."

"A bututu na same shi."

Ta ajiye mafici. "Malam, wa ya gani?"

"Ni da ke."

"To ni ban ga komai ba, sai in ka ce na gani." Ta dubi murhu, ta dube shi. "Ga wuta nan. Ga kuma hanyar layi can. Ni dai ba zan zaɓa maka ba, don kada gobe ka ce mace ce ta sa ka."

Ya tsuguna a gaban murhun. Shaiɗan kuwa bai zo masa da ƙaho ba, da lissafi mai kyau ya zo. Ya ce masa, kai tsoho ne, sunan nan shi ne gonarka, in ya faɗi wa zai sake kawo maka ko keke? Lurwanu matashi ne, ya koma wani gari ya sake buɗewa. Kuma wa ya sani, ƙila turbon ma da nasa ciwon tun asali. Sallau ya miƙa hannu har ya ji zafin garwashi. Ya janye. Ya sake miƙawa. Tasallah ta ce ko dai ya jefa ko ya matsa, tuwonta na ƙonewa. Ya tura tsumman a aljihu ya fita.

Gidan Alhaji Barmo ya nufa, da niyyar ya faɗa masa. Ya tarar da zaure cike da baƙi 'yan albasa. Alhaji na ganinsa ya ce, "Yauwa, ga mutumin da nake ba ku labari. Shekara goma sha biyu yana taɓa motata, ko noti bai taɓa ɓatarwa ba." Baƙi suka miƙo hannu ana gaisawa. Sallau ya sha ruwa, ya yi godiya, ya taso da maganarsa a baki. Ba na ɓoye muku wannan, don ku san mutum ne irinku, ba waliyyi ba.

Asabar da hantsi layi ya cika. An fito da benci, Ciyaman Gwadabe na zaune, turbo a gabansa a kan tebur. Lurwanu na tsaye, idonsa ya faɗa. Abin tausayi, shi kansa ya fara shakkar kansa.

Yana cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai lafiya na gan shi. Ko a jirgi ya bugu ban sani ba. Ko wanda ya sayar mini ne. Ban sani ba. Ni dai ban yi da gangan ba."

Ciyaman ya ce, "Doka ba ta san gangan ba. Malam Sallau, kai ka ɗaura. Faɗi abin da ka gani mu tashi."

Sallau ya miƙe. Ya ce, "Turbon lafiyarsa ƙalau. Ni na manta tsumma a bututu, fanka ta zuƙe. Laifina ne. A buɗe masa shago."

Me kuke zaton ya faru? Kuna zaton an kama shi da zagi? Ko kusa. Wani dattijo ne ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Sallau ke nan."

Alhaji Barmo ya juya ga taro. "Kun ji irin mutumin? Don tausayi har laifin wani zai ɗauka ya ɗora wa kansa. Zauna, Sallau. Allah ya ba ka lada, amma zauna."

"Alhaji, ba tausayi ba ne. Ni na yi."

"Kai ɗin? Ka manta tsumma? To ni ma na manta sunana."

Aka yi dariya. Sallau ya rasa ta inda zai ɓullo. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa tofin yawu, bai shirya wa yabo ba. Ya ciro tsumman daga aljihu ya ɗaga. Wani ya ce tsumma ai ko a bola akwai. Wani ya ce a bar dattijo ya huta, rana ce ta buge shi. Har Lurwanu ya matso ya kama hannunsa ya ce, "Baba, na gode. Amma kada ka yi ƙarya saboda ni, ba na so ka ɗauki zunubi a kaina."

Ku duba wannan al'amari. Mai laifi na rantsuwa shi ya yi, marar laifi na roƙonsa ya daina. Kuma ga ƙofa a buɗe. Ya faɗi gaskiya, an ƙi karɓa. Da ya zauna a nan, da ya tashi da suna biyu, na gwaninta da na tausayi, kuma ya ce wa zuciyarsa ai na faɗa. Da yawanmu nan za mu zauna. Ni kaina ban san abin da zan yi ba.

Ciyaman ya ce a kira mai walda ya liƙe ƙofar shagon.

Sallau ya taka har gaban tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun Alhamis turbon nan a hannun wa yake?"

"A hannuna. A kulle."

"Na taɓa shi?"

"Ba ka taɓa ba."

"To a buɗe ƙoƙon turbon, a duba bayan fanka. Kai da kanka, kada ni in sa hannu."

Ciyaman ya dube shi jim, ya ce a miƙo sifana. Noti shida ya kwance, ya ɗaga murfi. Mutane suka yi caa a kansa. A bayan fankar, jikin sandar da take juyawa a kai, zare ne nannaɗe tam. Ciyaman ya sa tsinke ya warware, ya wanke a kalanzir, ya shimfiɗa a tebur. Jan zare. Sallau ya ajiye tsumman aljihunsa kusa da shi, ya buɗe jaka ya fito da ragowar zanin Tasallah, da gurbin yanka uku a gefensa.

Babu wanda ya yi dariya.

Ciyaman ya ciro makulli ya miƙa wa Lurwanu, ya ce, "Buɗe shagonka. Ka yafe mu." Lurwanu ya karɓa, ya tsaya yana kallon makullin kamar bai san amfaninsa ba.

Alhaji Barmo kuwa fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sallau, shekara goma sha biyu ina tallanka a gari. Ka rasa inda za ka kunyata ni sai tsakiyar kasuwa? Da ka same ni a gida."

"Na je, Alhaji. Bakina ne ya ƙi buɗewa. Kuma shi Lurwanu a tsakiyar kasuwa aka rufe shi."

Da yamma aka zo da igiya aka ja motar daga ƙarƙashin darbejiya, aka kai ta wani gareji a cikin gari.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce bayan kwana bakwai wani attajiri ya ji labari ya gina wa Sallau gareji. Bai zo ba. Wanda ya ba ni labarin bai ce ya zo ba, ni kuma ba zan ƙara ba. Abin da ya faru shi ne, mutanen da suka ce hannunsa ba ya kuskure su ne suka koma ce masa Sallau mai tsumma. Damina guda ba a turo masa mota ba, ya koma gyaran injin ban ruwa da keken ɗinki. Alhaji Barmo ya daɗe yana amsa gaisuwarsa da ka. Lurwanu kuwa ya zauna a layin, ya aurar da 'ya'yansa a garin.

An ce wata rana Tasallah ta tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce mata, "Ta mantuwar, kullum. Ta faɗar, wani lokaci da safe, in na ga filin nan wayam. Amma ko a lokacin, in aka mayar da ni gaban teburin, sai na sake cewa a buɗe."

To 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba ita ce ka furta sau ɗaya a hankali, don ka samu abin faɗa wa zuciyarka ba. Gaskiya ita ce ka tsaya a kanta har sai wanda aka zalunta ya fita, ko da kai ne za ka shiga. Kuskure ba abin kunya ba ne, kowane hannu na yi. Abin tsoro shi ne wani ya ɗauki kuskurenka a kansa kana kallo, ana yabonka.

Kai tela, da ka ɓata yadi ka ce yadin ne ba kyau. Kai magini, da bango ya tsage ka ce mai bulo ne. Ke uwar gida, da kika fasa tulu kika bari aka daki 'yar aiki. Kai ma'aikaci, da takarda ta ɓace a teburinka aka kori masinja. Ba na kallon kowa, kada wani ya sunkuyar da kai. Amma kowa a nan ya san sunan mutumin da ake zargi da abin da shi ya aikata. Tun ina magana sunan ya faɗo maka. Mutumin nan yana da gida, kuma ka san hanya. In an shafa addu'a, kada ka biya ta wurin mai shayi.

Allah ya ba mu ƙarfin cewa ni ne, tun muna da bakin faɗa.